Shekara Saba'in Ana Ziyartar Gidan Maƙwabci

Daga 1930 zuwa 2000, masu yawon buɗe ido sun yi ta tururuwa zuwa ƙauyen Wilmcote da ke tsakiyar Ingila, don su ga gidan da Mary Arden, mahaifiyar marubuci William Shakespeare, ta tashi. Su sayi tikiti, su leƙa ɗakuna, su ɗauki hoto. Ashe duk gidan maƙwabcinsu suke shiga. Kafin mu ga yadda gaskiya ta yi halinta, sai mu bi sawun wannan iyali a takardun da suka bari.

Mu fara da littafin coci. A 1538 Thomas Cromwell, na hannun daman Sarki Henry na Takwas, ya ba da umarni kowane coci ya riƙa rubuta baftisma da aure da binne mamaci. Littafin cocin Holy Trinity na garin Stratford ya faro daga 1558. A cikinsa muke ganin an yi wa William ɗan John baftisma ranar 26 ga Afrilu, 1564. Ranar haihuwar kanta ba a rubuta ba. Ranar 23 ga wata da ake bikinta kirdado ne.

Shi kuwa John, mai ɗinkin safar hannu ta fata, a takardar tara muka fara cin karo da shi a Stratford. A 1552 aka ci shi tarar kwabo 12, wato sule ɗaya, saboda ya tara juji a titin Henley. Abin kunya ne a ranar, amma yau shi ne shaidar inda yake zaune. Shekara 16 bayan haka, a 1568, ya zama shugaban majalisar garin.

Taswira tana taimaka mana mu tsaya inda ya tsaya. Wajen 1196 Bishop na Worcester ya yanka Stratford fuloti-fuloti, dogaye masu ƙaramar fuska ta bakin titi. Idan muka ɗora taswirar da Samuel Winter ya zana wajen 1759 a kan ta yau, za mu tarar titunan tsakiyar garin, har da Henley, ba su gusa ba. Gini yana rushewa, amma iyakar fili tana da wuyar mutuwa.

Ta wajen uwa, takardar wasiyya ce jagorarmu. Mahaifin John, Richard, manomi ne a ƙauyen Snitterfield, yana noma a gonar haya ta Robert Arden. Wato ɗan mai haya ne ya auri 'yar mai gona. Robert ya rasu a 1556, ya bar wa Mary, autar 'ya'yansa mata takwas, kuɗi da wani fili mai suna Asbies a Wilmcote. Da harkoki suka cuɗe wa John, a 1578 ya jinginar da gadon matarsa ga Edmund Lambert, mijin yayarta, a kan fam 40. Aka yi ta shari'a, har sunan William ya fito a ƙarar 1588, amma filin bai dawo ba. Da zumunci bai ɓaci ba, da wannan shafi na tarihinsu bai iso gare mu ba.

To, ina kuskuren gidan ya samo asali? A ƙarshen ƙarni na 18, wani maƙerin ƙafafun amalanke mai suna John Jordan, wanda ya mai da kansa ɗan rakiyar baƙi a Stratford, ya nuna wani katafaren gidan katako ya ce nan ne gidan su Mary. Gidan ya yi kyan da ya dace da uwar babban marubuci, don haka maganar ta zauna. A 1930 hukumar da ke kula da gidajen Shakespeare ta saye shi.

Sai a 2000 wani masanin tsoffin gine-gine, Dakta Nat Alcock, ya bi takardun mallaka da na haya baya-baya, daga hannu zuwa hannu. Ya gano cewa gidan na Adam Palmer ne, maƙwabcin Robert Arden. Gidan su Mary na gaskiya shi ne Glebe Farm, ƙaramin gida da ke kusa, wanda daga baya aka lulluɓe shi da jan bulo har ya daina kama da tsoho. Da aka ƙirga zoben shekaru na katakon ginin, sai aka ga wajen 1514 aka sare itatuwan. Sa'ar da aka yi, hukumar ta riga ta sayi wannan gida tun 1968, don kawai kada a rushe shi a ɓata wa wancan fuska.

Zuriyar William ta yanke a 1670, lokacin da jikarsa Elizabeth ta rasu ba ta haihu ba. Jinin John da Mary ya ci gaba ne ta wajen ƙanwarsa Joan, wadda zuriyarta, iyalin Hart, suka riƙe gidan titin Henley har 1806.

Idan muka duba abin da ya riƙe mana sunan wannan iyali, ba kirari ba ne: tarar juji ce, da wasiyya, da jingina, da rigimar 'yan uwa. Wanda ya fi kowa iya ba da labari a cikin wannan zance, John Jordan, shi ne ya kai mutane gidan maƙwabci.