Zare: Tarihin famfon sitiyari, wancan da ke kuka a motarka in kana kwana

1/ Jama'a, wannan kukan "wiiiin" da Honda ko Camry ɗinku ke yi in kuna karya kwana, daga wani ɗan famfo yake fitowa. Bai kai ƙwaryar fura girma ba, amma tarihinsa ya kusa shekara 100. Kafin ku kai wa bakanike kuɗi a canja shi, ku zo mu ga daga ina ya fito. 🧵

2/ A farkon zamanin mota, ƙarfin damtsenka shi ne "pawa". Abin da ya sa sitiyarin tsofaffin manyan motoci yake da faɗi kamar faifai ke nan: in da'irar ta yi girma, juyawa na sauƙi. Ku tambayi duk wanda ya ja tsohuwar roka ko Fijo 504 mara pawa, irin waɗanda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, yadda ake fakin da ita a matsattsen layi. Gumi ake yi.

3/ Wanda ya fi kowa hannu a maganin matsalar wani injiniya ne ɗan Amurka, Francis W. Davis. Ya yi aiki a sashen manyan motoci na kamfanin Pierce-Arrow, ya ga wahalar direbobi da idonsa. A 1926 ya nuna motarsa da ya saka wa sitiyari mai aiki da matsin mai.

4/ Dabararsa: maimakon a riƙe mai cikin matsi kullum, a bar shi yana ta zagayawa a sake. Sai direba ya murɗa sitiyari sannan bawul ya tare masa hanya, matsi ya taru a gefe ɗaya, ya tura tayoyi inda ake so. Har yau kan wannan tunanin famfon motarka yake aiki.

5/ General Motors ta ɗauke shi, suka yi shekaru suna gwaji. Sai karayar tattalin arzikin shekarun 1930 ta zo, suka yi lissafi suka ce abin ya yi tsada, ba mai saye. Aka jingine. Davis ya koma wajen kamfanin Bendix mai yin kayan gyaran mota.

6/ Yaƙin Duniya na Biyu ne ya tashe shi. Motar sulke mai nauyin tan goma da wani abu ba ta juyuwa da hannu zalla, balle ana harbinka. Motocin sulken da Chevrolet ta ƙera wa sojojin Birtaniya sun fito da sitiyari mai pawa, kuma ya yi aiki.

7/ Ga inda abin yake da ban haushi. Motar gida ta farko da aka sayar da wannan fasaha Chrysler Imperial ce, a 1951, suka sa mata suna Hydraguide. Kuma sun gina ta ne kan wasu dabarun Davis da wa'adin haƙƙin mallakarsu ya riga ya ƙare. Sai a 1952 GM ta farka ta saka a Cadillac. Wato abin da yake hannunsu shekara kusan ashirin, sai da abokin gasa ya riga su.

8/ Faransawa kuma suka zarce kowa. Citroën DS ta 1955 famfo ɗaya ne ke ciyar da sitiyari da birki da ɗaga jikin motar. Gwanin kyau, amma in mai ya tsiyaye ka shiga uku ta ko'ina.

9/ To me ke cikin famfon? Bel ne daga inji yake juya shi. A ciki akwai dunƙulen ƙarfe mai ƴan fukafukai da ke shiga suna fita a cikin zobe mai siffar ƙwai. Suna zuƙo mai daga ɗan tanki, su matse shi, su tura shi ta tiyo zuwa rak. Man nan shi ne kuma yake sanyaya famfon yana hana ƙarfe cin ƙarfe. In ya yi ƙasa, famfo ya fara cin kansa.

10/ Shi ya sa kuka ba kullum yake nufin famfo ya mutu ba. Sau da yawa iska ce ke shiga man. Buɗe tankin inji na aiki: in ka ga kumfa, nemi inda iskar ke shiga. A Honda Accord 2003 zuwa 2007, wadda ake kira EOD, sanannen abu ne ɗan zoben roba na bakin famfo ya bushe. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, amma mutane da yawa famfo sukutum suke saye a Ƙofar Ruwa ko Panteka, ɗan Beljiyam wanda ba wanda ya san shekarunsa.

11/ Sai batun mai. Toyota da yawa man giya na otomatik suke sha a sitiyari, Honda kuwa nata man daban ne. Karanta murfin tankin ko littafin motar, kar ka yarda da "ai duk ɗaya ne, Oga". Kuma daina danne sitiyari a ƙarshensa ka riƙe, nan ne matsi ke kai ƙololuwa, mai ya yi zafi.

12/ In dai famfon ya tafi da gaske, ka tsaya a kai a yi abu uku: a zubar da tsohon man don ɓurɓushin ƙarfe na ciki, a duba tiyo da bel, sannan a ɗaga tayoyin gaba a riƙa juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe kafin a tada inji, har iska ta fita. Wanda ya tsallake na ƙarshen nan, sabon famfon ma kuka zai yi tun ranar farko.

13/ Zamanin famfon dai yana ƙarewa. Matsalarsa ita ce yana juyawa ko kana miƙe a titin Zariya ba ka taɓa sitiyari ba, yana cin fetur a banza. A 1988 Suzuki Cervo ta fito da sitiyari mai ɗan injin lantarki, Honda NSX ta biyo a 1990. Camry ta koma na lantarki daga samfurin 2012, Accord daga 2013.

14/ Don haka in taka Camry 2012 ce ko sama, sitiyari ya yi nauyi aka ce maka "famfo ne", ka ce a buɗe bonet a nuna maka shi. Babu. Batir, fis da na'urar gwaji ta kwamfuta za a fara dubawa.