Binciken Rada a Ƙanƙarar Tsaunukan Alps

Binciken rada hanya ce ta gano abin da ƙanƙara ta binne ba tare da haƙa ba. Na'ura tana tura igiyar rediyo ƙasa, ta auna amsar da ke dawowa daga ƙarfe, katako ko rami. Amfaninsa ya fito fili a tsaunukan Alps, inda Italiya da Ostiriya suka gwabza daga 1915 zuwa 1918, har sojojin Ostiriya suka haƙa mafaka cikin ƙanƙarar tsaunin Marmolada. Masu suka na cewa aikin da tsada, kuma ruwan narkewa kan rikita sakamako. Haka ne, amma jira ya fi asara: ƙanƙara na narkewa, wasiƙu da kakin soja da ta binne sai su ruɓe, ko 'yan kwasar ganima su riga masana.