Tybalt da Gabar Gado: Matsayin Mai Zafin Kai a Wasan Romeo da Juliet

Manazarta da dama kan ɗora alhakin mutuwar Romeo da Juliet a kan ƙaddara, ko a kan wasiƙar da ba ta isa wurin Romeo a garin Mantuwa ba saboda annoba. A ganina wannan karatu ya tsallake mutumin da ya karkatar da akalar wasan, wato Tybalt, ɗan kawun Juliet. Sau uku kacal ya fito da ransa, maganarsa ba ta taka kara ta karya ba, amma in aka cire shi babu abin da zai rage sai wasan ban dariya na masoya biyu da suka yi aure a ɓoye.

Shakespeare ya samo labarin ne daga waƙar Arthur Brooke ta 1562, aka buga wasan karon farko a 1597. A wajen Brooke, Tybalt bai bayyana ba sai ranar rigimar da ta ci ransa. Shakespeare kuwa ya jawo shi tun fitowar farko, inda ya tarar da Benvolio, ɗan'uwan Romeo, yana rabon faɗa, ya zare takobi ya far masa. Ya kuma kai shi liyafar gidan Capulet, wato gidan su Juliet. Nan ya gane Romeo da jin muryarsa kawai, ya aiki yaronsa ya ɗauko masa takobi, sai tsoho Capulet ya daka masa tsawa, ya tuna masa waye mai gidan. Tybalt ya fice yana huci, kuma fitarsa ke da wuya masoyan suka yi maganarsu ta farko. Ke nan mai kallo ya riga ya san farashin soyayyar tun kafin a ƙulla ta.

To amma shin mugu ne? Ba irin Iago na wasan Othello ba ne, mai saƙa makirci a ɓoye. Tybalt ba ya munafunci, har takardar ƙalubale ya aika gidan Montague, wato gidan su Romeo, kamar yadda ƙa'idar fito-na-fito ta tanada. A shekarun da aka rubuta wasan, malaman wasan takobi 'yan Italiya suna tashe a Landan, littafin Vincentio Saviolo ma ya fito a 1595, kuma irin wannan salo ne Mercutio, abokin Romeo, yake yi wa ba'a a jikin Tybalt. Matashi ne da aka horar a kan cewa sunan gida ya fi rai tsada. Wa ya horar da shi? Capulet ɗin da ya kwaɓe shi a liyafa shi ne da safiyar ranar ya fito titi yana neman a miƙo masa dogon takobinsa, matarsa tana ce masa sandar dogarawa ta fi dacewa da shi. Dattawan Berona, garin da labarin ya faru, sun gaji gabar da wasan bai taɓa faɗin dalilinta ba, sun tsufa sun gaji da ita, suka bar wa yaron da ya ɗauke ta da gaske. Abin da babba ya shuka a tsakar gida ne ya yi tsiro a titi.

Babban aikinsa yana kashi na uku, fitowa ta farko. Romeo, wanda bai daɗe da ɗaura aure ba, ya ƙi amsa zagi. Mercutio ya ga wannan a matsayin wulaƙanci, ya karɓi faɗan. Romeo ya shiga tsakani, Tybalt ya soki Mercutio ta ƙarƙashin hannun Romeo, Mercutio ya mutu. Abin da ya fi taɓa ni a nan shi ne abin da ya faru da Romeo kansa: ya zargi soyayya da mayar da shi rago, ya ɗauki harshen Tybalt da ɗabi'arsa, ya kashe shi. Magabcin ya ci nasara ne a daidai lokacin da ya faɗi, domin ya mayar da tauraron irinsa. Romeon da ya kashe Paris, mai neman auren Juliet, a bakin kushewa ba shi ne na liyafa ba.

Gawarsa ma ba ta huta ba. Saboda ita sarki ya kori Romeo daga gari. Saboda ita Capulet, da ya ɗauka kukan Juliet na rashin ɗan'uwa ne, ya gaggauta aurenta da Paris, gaggawar da ta tilasta mata shan maganin Fada Lawrence, wanda ya ɗaura musu aure. Shi ya sa nake ƙin yadda wasu masu shirya wasa kan nuna Tybalt kamar mahaukacin da ya faɗo daga sama. Yin haka yana wanke uwar Juliet, wadda ta tsaya a kan gawarsa a gaban sarki tana neman a zubar da jinin Romeo.