Yadda Ƙ, Ɗ da Ɓ Suka Samu Gurbi a Kwamfuta



Da yawanmu mun taɓa tura wa wani fayil ɗin labarinmu, ya buɗe ya tarar “ƙasa” ta koma “Æ™asa”. Wannan ciwo yana da tarihi, kuma sanin tarihin shi ne rabin maganinsa.

Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba kawai ta sani. A 1963 aka fitar da tsarin ASCII a Amurka, mai gurabe 128, wanda aka yi domin Turanci. Namu baƙaƙen masu lanƙwasa, da muke gani a littattafan Zariya tun zamanin su Abubakar Imam, ba su samu shiga ba. Ko da aka faɗaɗa guraben zuwa 256, harsunan Turai ne suka cinye ƙarin.

Sai muka shiga dabaru. Wasu suka riƙa rubuta k' da d', wasu suka bar lanƙwasar gaba ɗaya, “ƙare” da “kare” suka zama abu ɗaya. Masu buga littattafai kuma suka yi amfani da wani salon haruffa na musamman da ke aron gurbin wata alama ya zana ƙ a wajenta. Muddin aka kai fayil ɗin kwamfutar da ba ta da wannan salo, asiri ya tonu.

Mafita ta zo da Unicode a 1991, tsarin da ya ba kowane harafi lambar kansa, har da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ ta 'yan uwanmu na Nijar. A 1992 Ken Thompson da Rob Pike suka tsara UTF-8, hanyar ajiye waɗannan lambobi a fayil. A cikinta k tana cin bayit ɗaya, ƙ kuwa biyu: C6 da 99. Idan manhaja ta karanta su da tsohon tsarin Windows, sai ta ɗauke su haruffa biyu daban, Æ da ™. Ke nan rubutun bai lalace ba, karatun ne aka yi da mabuɗin da ba nasa ba. Kada mu yi saurin sake bugawa. A rufe fayil ɗin ba tare da an adana ba, a sake buɗe shi da UTF-8.

Wannan tarihi bai gama da mu ba. Saƙon tes na waya yana ɗaukar haruffa 160, amma ƙ guda ɗaya ta shiga sai ya koma 70. Manhajar da ke ƙirga bayit a maimakon harafi kuma tana iya yanke ɗ gida biyu a ƙarshen layi.

Saboda haka mu riƙa adana rubutunmu da UTF-8, mu sa madannin Hausa a wayoyinmu, mu daina aron haruffa. Gurbin da aka daɗe ana nema ya samu. Idan muka ci gaba da rubuta “dan kasa”, laifin ba na kwamfuta ba ne kuma.

Wa ya taɓa asarar rubutu ta wannan hanya? Mu ji daga gare ku a ƙasa. Allah Ya ƙara mana basira.