Hannun John Dee a Kundin Voynich: Ina Shaidar Take?

Kundin da ke ajiye a ɗakin karatu na Beinecke, Jami'ar Yale, mai lamba MS 408, ba ya buƙatar gabatarwa a wurin masu nazarin rubutun hannu (duba D'Imperio 1978). Ba rubutunsa da ya gagari kowa karantawa ne ya dame ni a nan ba. Abin da ya dame ni jumla ɗaya ce da ake ta maimaitawa kamar an gama magana: wai masanin taurarin nan na Ingila, John Dee, shi ya sayar wa Sarki Rudolf na II littafin a Prague. Kundin bayanin ɗakin karatun (Shailor 1987) ya ƙarfafa ta, bisa ra'ayin A. G. Watson cewa lambobin da ke saman ganyayen da hannun Dee aka rubuta su. A ganina shaidar ba ta kai nan ba.

Mu fara da jikin littafin. Fatar ɗan maraƙi ce, ganye 102 suka rage, wasunsu dogaye da ake naɗewa a buɗe. Gwajin kabon da aka yi a Jami'ar Arizona a 2009 ya sanya fatar tsakanin 1404 da 1438. An ɗinka ganyayen ɗauri-ɗauri, kuma akwai lissafi iri biyu a jikinsu: alamar ɗauri a ƙasan shafi, wadda ta kai ashirin, da lambar ganye a kusurwar sama ta dama, wadda ta tsaya a 116. Lissafin na biyu yana tsallake 12, 59 zuwa 64, 74, 91, 92, 97, 98, 109 da 110. Ke nan mai lambobin ya riski littafin kafin ganye 14 su ɓace. Amma ya riske shi bayan an birkita shi, domin zanen da ya faro daga bayan ganye na 78 a gaban na 81 ya ci gaba, alamar da can suna fuskantar juna. Iyakar abin da lambobin ke faɗa ke nan: wani mai littafin daga baya, wanda bai san tsarinsa na asali ba, ya bi shi ya ƙirga.

Shin Dee ne? Watson masani ne a kan ɗakin karatun Dee, ba a yi wa hukuncinsa riƙon sakainar kashi. Sai dai lambobi ya kwatanta da lambobi. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin gane hannun mai kwafar littafi ya san haruffa ke tona asirin marubuci, yadda yake haɗa su da inda yake ɗaga alƙalami. Alƙaluman lissafi guda goma ne kacal, kuma dubban masu ilimi a Turai ta ƙarni na 16 kusan iri ɗaya suke rubuta su. Kama a nan na iya nuna zamani. Da wuya ta nuna mutum.

Za a ce ba lambobin kaɗai ba ne, akwai wasiƙar Marci. Gaskiya ne. Jan Marek Marci ya aika wa Athanasius Kircher littafin zuwa Rum tare da wasiƙar da ake karanta shekararta 1665 ko 1666. A ciki ya ce Raphael Mnišovský ya gaya masa cewa littafin na Rudolf ne, ya ba wanda ya kawo shi dukat 600, kuma ana zaton aikin Roger Bacon ne. A dubi wannan isnadi da idon ɗalibin hadisi: Rudolf ya rasu 1612, Mnišovský ya rasu 1644, Marci kuma yana ruwaito zancen bayan shekara ashirin da mutuwar mai ba shi labari. Ko da an karɓi ruwayar yadda take, ba ta ambaci sunan mai kawowar ba. Wilfrid Voynich, wanda ya sayi littafin a hannun 'yan ɗariƙar Jesuit a 1912, shi ya cike gurbin da Dee, kuma dalilinsa a fili yake: Dee ya tara littattafan Bacon, ya kuma zauna a Prague. To, Bacon ya rasu wajen 1292, fiye da shekara ɗari kafin a yanka maraƙan. Da Bacon ya fita, dalilin shigo da Dee ya yi rauni ƙwarai, amma sunansa ya zauna daram.

Saura hujja biyu. An ce Dee ya rubuta cewa yana da dukat 630 a Oktoban 1586. A watan Mayun shekarar nan Rudolf ya kore shi daga ƙasarsa, kuma kafin Oktoba ya samu mafaka a Třeboň wurin attajiri Vilém Rožmberk. Ba a rasa inda zinariya za ta fito. Dee, mutumin da ke rubuta har ƙananan al'amuran gidansa, bai ambaci ciniki da sarki ba. Ta biyun ita ce tunawar ɗansa Arthur, ta bakin Thomas Browne, cewa mahaifinsa na da littafin da babu komai cikinsa sai baƙin alamomi. Arthur na ɗan shekara bakwai a 1586, kundin namu kuwa cike yake da zanen tsirrai, taurari da mata a cikin ruwa, abin da yaro zai fara riƙewa.

Ba na cewa Dee bai taɓa ganin littafin ba. Wannan ma ba ni da hujjarsa. Ban kuma kore Rudolf ba. A shafin farko akwai sunan Jacobus de Tepenec, ya dushe, sai da hasken altrabayolet yake fitowa sosai. Mai haɗa magunguna ne a fadar Rudolf, kuma a 1608 aka ba shi wannan laƙabi, don haka sunan bai riga wannan shekara ba. Daga shi sai Georg Baresch, wanda wasiƙarsa ta 1639 zuwa ga Kircher tana nan, sai Marci. Daga Tepenec ne sawun masu littafin ya tabbata. Kafin nan, wajen shekara 170, babu sunan da za a iya dafawa.

Wanda ke neman mai sayarwar, ga alama littattafan kuɗin fada sun fi amfani. Stefan Guzy ya gano a cikinsu cewa a 1599 Rudolf ya sayi wasu littattafai a hannun Carl Widemann, likita a Augsburg, kan kuɗin da ya yi daidai da fulorin 600. Bayanin bai fayyace wannan kundi ba, don haka shi ma zato ne. Sai dai zato ne da ke da takardar biya a bayansa, wadda har yau ba a samo wa Dee irinta ba.