Tarihin Yadda Aka Gano Mai Sarrafa Kitse A Jikin Ɗan Adam

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu daga Horo Birni ta Jihar Sakkwato ya ce likita ya shaida masa kitse ya yi yawa a jininsa. Yana so ya san yadda masana suka gano abin da ke sarrafa kitse, alhali ido ba ya ganinsa.

AMSA: To Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Labarin ya samo asali ne a birnin Balin na Jamus a shekarar 1890, lokacin da Emil von Behring da Kitasato, mutumin Japan, suka gano cewa jinin dabbar da aka saba mata da dafin cutar sanƙarau na tsatsa yana kare wata dabbar. Ashe jini na da wasu dakaru, kowannensu abokin gaba ɗaya tak ya sani, kamar yadda ɗan maraƙi ke gane uwarsa a cikin garke. Irinsu ne ke cikin allurar maganin sarar kububuwa.

A 1975, a Kambirij ta Ingila, Georges Köhler da César Milstein suka haɗa ƙwayar halitta daga saifar ɓera da ƙwayar ciwon daji, suka sami wadda ke ƙera dakare iri guda ba ƙaƙƙautawa. Wannan ya ba su lambar yabo ta Nobel a 1984. In an taɓa tsaga maka yatsa a asibiti don gwajin zazzaɓin cizon sauro, to waɗannan dakarun ne suka zana layin da ka gani.

Sai batun kitse. Tun shekarun 1960 likitoci ke ba da maganin clofibrate don rage kitsen jini, ba tare da sanin inda yake kamawa ba. Sai a 1990 Isabelle Issemann da Stephen Green suka gano wani sinadari a hantar ɓera, suka sa masa suna PPAR. Yana zaune ne a tsakiyar ƙwayar halitta. Da maiƙo ya taɓa shi, sai ya ba da umarnin a ƙona kitse. A 1994 masana a Boston ta Amurka suka nuna cewa ɗan'uwansa, PPAR-gamma, shi ne ke sa a tara kitsen.

Yaya ake ganinsu? Sai a ƙera dakaren da PPAR kaɗai ya sani, a liƙa masa rini, a zuba kan ɗan yankin hanta. Inda launi ya fito a madubin bincike, to nan yake zaune.

Maganin ciwon suga na pioglitazone, wanda Amurka ta amince da shi a 1999, PPAR-gamma yake tayarwa. Amma fa Malam, kada ka sayi magani a kemis da ka. Ka bi maganar likitanka, a sassauta wa man shanu da kitsen rago. Da fatan ka gamsu.