Shuka lalle a bakin garka da wuri mai duwatsu

Masu karatu, kowa ya san lalle a hannun amarya da ƙafarta. Sai dai ba kowa ne ya kula da itacensa ba. Lalle ƙaramin itace ne mai son rana da zafi. Sau ɗaya ake shuka shi, ya yi fiye da shekara 10 yana ba da ganye. Yana yin ƙananan furanni farare masu ƙamshi, waɗanda ke fitowa a dunƙule a kan reshe. A ƙasar Indiya, mutanen garin Sojat na jihar Rajastan sun shahara da nomansa, ga shi kuwa yankinsu mai ƙarancin ruwan sama ne kamar namu.

Wurin da ya dace

Ku zaɓi wurin da rana ke bugawa tun safe har yamma, kamar bakin garka ko gefen darni. A cikin inuwa lalle ba ya yin fure da yawa. Yana jure ƙasa mai tsakuwa da duwatsu, amma ba ya son wurin da ruwa ke kwanciya, domin saiwarsa takan ruɓe.

Yadda ake samun dashe

Hanya biyu ce. Ta farko ita ce iri. Ƙwayar lalle ƙarama ce mai taurin ɓawo, saboda haka ku jiƙa ta kwana 3 zuwa 7, kuna sake ruwan kullum. Daga nan ku shuka ta cikin leda mai yashi da ruɓaɓɓen taki, kada ku binne ta da zurfi.

Ta biyu ita ce reshe, kuma ta fi sauri. Ku yanko reshen da ya ƙosa, mai kaurin fensir, mai tsawon santimita 25. Ku cire ganyen ƙasa, ku kafa rabinsa cikin ƙasa mai damshi, ku riƙa ba shi ruwa har ya toho.

Yadda ake dasawa

1. Ku jira damina ta zauna, wajen watan Yuli.
2. Ku haƙa rami mai zurfin santimita 30, ku zuba taki tafi biyu, ku gauraya da ƙasa.
3. Ku bar tazarar santimita 40 zuwa 50 tsakanin gindi da gindi, domin su haɗu su zama shinge.
4. Ku jera duwatsu kewaye da kowane gindi. Suna tare ruwan sama, suna kuma rage bushewar ƙasa.
5. Ku kare dashen da ƙaya, kada awaki su tattake shi ko su cinye tohon.

Kulawa

A ranin farko ku ba shi ruwa sau 2 a mako. Idan saiwarsa ta kama, ruwa kaɗan ya ishe shi. Lokacin hunturu yakan zubar da ganye. Kada ku tumɓuke shi, bai mutu ba, zai sake toho idan zafi da damshi suka dawo.

Idan aka ƙyale lalle yakan wuce tsayin mutum, tsofaffin rassansa su yi ƙaya. Don haka ku riƙa datse shi daidai ƙugu, ya zauna gajere mai duhu. Amma ku lura, gindin da ake yawan yankewa ba ya samun damar yin fure. Ku ware gindi 2 ko 3 kusa da inda kuke zama da yamma, ku bar su su yi fure da iri.

Girbi

Daga shekara ta biyu kuna iya yankan ganye sau 2 a shekara. Ku shanya shi a inuwa, domin rana tana ƙone launinsa, darajarsa ta faɗi a kasuwa. Idan ya bushe, ku daka, ku tankaɗe, ku adana a mazubi mai murfi.

Gargaɗi

Kada a sa wa jariri lalle. Akwai yaran da ake haifa da wata larurar jini ta gado, waɗanda lalle ke farfasa musu ƙwayoyin jini. Idan idon yaro ya yi rawaya ko fitsarinsa ya yi duhu bayan an sa masa lalle, ku kai shi likita nan take. Haka kuma kada ku gauraya garinku da baƙin rinin gashi, domin yana ƙona fata.

Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi malamin gona ko malamin daji na yankinsa.